Gudawa Ta Tafi, Tari Ya Zo: Ina Ruwan Zink da Ƙirjin Yaro?

Duk uwar da ta taɓa kai yaro mai gudawa asibiti a Gadarif, ko Sinnar, ko Damazin, a nan Sudan, ta san abu biyu da ake miƙo mata: ledar gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, da ɗan katin ƙwayoyi farare da ake ce mata zink ne, a ba yaro ɗaya kullum har kwana goma ko sha huɗu. Ledar ana girmama ta, domin aikinta a fili yake. Ƙwayoyin kuwa, da zarar cikin yaro ya ɗaure a rana ta uku, sai a jefa ragowar cikin kwanon tarkace, shi ke nan. Bayan 'yan makonni sanyin shita ya sauko, yaron nan dai ya kama tari, numfashi ya koma sama-sama, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce iltihabi ne, limoniya ke nan, sanyin haƙarƙari. Ba kowa zai kawo a ransa cewa ciwon farko na da hannu a na biyu ba. Sau da yawa yana da shi, kuma zink na cikin abin da ya haɗa su.

A gefe guda kuma, tun zamanin korona, magidancin da mura ta ɗan taɓa zai tsaya a saidaliyya, wato kantin magani, ya ce a ba shi zink da bitamin C, ya biya ko ciniki babu. Muna watsar da shi a lokacin da ya fi amfani, muna nemansa a lokacin da amfaninsa bai taka kara ya karya ba.

Zink ma'adini ne, kamar ƙarfe da tagulla, kuma duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba. Amma sinadarai sama da 300 da ke tafiyar da ayyukan jiki ba sa motsi sai da shi: girman yaro, warkewar rauni, har jin ɗanɗano da ƙamshi. Namiji baligi na buƙatar kimanin miligiram 11 a rana, mace 8, mai shayarwa 12, yaro daga wata bakwai zuwa shekara uku kuwa miligiram 3. Kaɗan ne ƙwarai. Matsalar ita ce jiki ba shi da rumbun zink. Sinadarin ƙarfe da bitamin A hanta na ajiye su, mutum ya yi watanni yana cin tsohuwar ajiya. Zink kuwa cefanen yau da gobe ne, abin da ya shigo shi za a yi aiki da shi, wanda ke cikin ƙashi da tsoka ba ya fitowa da sauƙi don ya cike giɓi. In abinci ya gaza, sassan da ke sabunta kansu kullum su suke fara ji a jikinsu: fata, bangon hanji, da ƙwayoyin garkuwar jiki.

Har ƙarshen shekarun 1950 likitoci ba su yarda ɗan Adam na iya rasa zink ba, tunda kusan kowane abinci na da ɗan nasa. Wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, shi ya warware wannan. A Shiraz ta ƙasar Iran ya ci karo da samari 'yan shekara ashirin masu jikin 'yan shekara goma, ba su balaga ba, cimarsu gurasar alkama marar yisti, nama sai a labari, wasu har ƙasa suke ci. Ya wallafa abin da yake zargi a 1961, sannan a 1963 aikinsa a ƙauyukan Masar, nan maƙwabta, ya tabbatar zink ne suka rasa. Da aka ba su, suka yi tsawo, suka balaga. Ya kuma lura cewa irin waɗannan samari ba sa yin tsawon rai, cututtuka ne ke ɗauke su da ƙuruciya.

To ta ina rashin ɗan ma'adinin nan ke buɗe wa cuta hanyar huhu? A fara da hanyar iskar kanta. Daga hanci zuwa can cikin huhu akwai wata siririyar fata mai laushi, ƙwayoyinta manne da juna ƙam, a samanta majina, da wasu 'yan gashi da ido ba ya gani suna kaɗawa ba dare ba rana, suna turo ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa maƙogwaro a tofar ko a haɗiye. Zink na cikin abin da ke riƙe wannan mannewa, yana kuma hana ƙwayoyin mutuwa in hayaƙi ko kumburi ya taɓa su. In ya yi ƙaranci, fatar takan yi sako-sako. Sai ka haɗa wannan da zamanmu: habub ya taso ya rufe gari da jar ƙura, kanun ɗin gawayi a tsakar ɗaki saboda sanyi, ga turaren wuta, ga hayaƙin icen ɗalhi da uwargida ke turara jiki da shi, jariri kuma yana goye ko yana kwance a gefe yana shaƙa.

Akwai kuma wani ɗan kullin nama a bayan ƙashin ƙirji, taimus, wanda ya fi aiki a lokacin yarinta. A cikinsa ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin T, ke nuna, su koyi bambanta na gida da baƙo. Sinadarin da yake fitarwa, taimulin, ba ya aiki sam sai zink ya manne masa. Yaron da ya rasa zink taimus ɗinsa ƙanƙancewa yake yi, ƙwayoyin T su ragu, masu haɗiye bakteriya ma su yi sanyin jiki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda jiki ke mai da zink guba ga cutar. Bakteriyar da ta fi kashe yara da limoniya, nimokokus, ba ta iya rayuwa sai da wani ma'adini, manganis, da shi take kare kanta daga sinadaran da fararen ƙwayoyin jini ke watsa mata. Tana da wani furotin a jikinta mai suna PsaA da ke kamo mata manganis ɗin. Masana a Jami'ar Adelaide ta Ostareliya sun nuna a 2011 cewa in zink ya yi yawa a wurin, shi ke shiga cikin furotin ɗin ya maƙale, ya ƙi fita, manganis ya rasa mashiga. Bakteriya ta galabaita, garkuwar jiki ta gama da ita. Jikin mai lafiya yakan tattaro zink ya tura shi daidai inda cutar ta sauka. Wanda ba shi da abin turawa fa? Gwajin da aka wallafa a 2019 ya ba da amsa: ɓerayen da aka hana zink a abinci sun fi saurin faɗuwa da nimokokus nesa ba kusa ba.

Zink yana kuma taka wa kumburi burki. A 2024 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada ɓeraye da wata bakteriya mai taurin kai, Asinetobakta, wadda ta addabi ɗakunan kulawa ta musamman a asibitoci domin ba ta jin yawancin magunguna. Ɓerayen da ba su da zink suka riƙa fitar da wani sinadarin garkuwa, IL-13, fiye da kima, shi kuma ya taimaka wa cutar ta tsallake huhu ta bazu. Da aka toshe IL-13 ɗin, mace-macen suka ragu. Aikin ɓera ne, kada a ɗauke shi fatawar asibiti. Amma ya nuna ƙarancin zink ba rage ƙarfin garkuwa kawai yake yi ba, har karkatar da ita yake yi ta cuci mai ita.

Wani zai ce, to a je a auna jini mana. Nan ma da gyara. Abin da ke yawo a ruwan jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na zink ɗin jiki ba, kuma da zazzaɓi ya shigo hanta kan janye shi daga jini, sai awo ya nuna ƙasa ko da mutum ba shi da ƙaranci. Shi ya sa masana suka fi duba al'umma gaba ɗaya, me take ci, yara nawa suka tsumbure. A ƙiyasin da aka wallafa a 2012, kimanin kashi 17 cikin ɗari na mutanen duniya abincinsu ba ya ba su isasshen zink, a Afirka kudu da Sahara kuma kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu. A gida alamun ba su da hayaniya: yaro ba ya son abinci, sa'anninsa sun kere shi, ƙurji ya daɗe bai warke ba, yau gudawa gobe tari.

Mu kuwa abincinmu dawa ce da gero, ko tuwo, ko asida, ko kisra. Ba wai babu zink a dawa ba, akwai kusan miligiram 2 a giram 100. Amma ƙwayar hatsi na ɗauke da wani sinadari, faitet, da ke kama zink a cikin hanji ya hana shi shiga jini, su fice tare. Haka wake, haka ful da adas, haka gyaɗa da riɗi. Mutum zai ci ya ƙoshi, a lissafin takarda ya sami abin da yake buƙata, amma abin da jikinsa ya tsotsa bai fi kashi 15 cikin ɗari ba, alhali wanda nama da kifi suka yawaita a kwanonsa yana iya tsotsar kusan rabi. Ita kanta baƙar lakar Jazira da Gadarif, wadda ke tsattsagewa da rani, ƙasa ce mai kanwa-kanwa, irin wadda ke riƙe zink ta hana saiwa zuƙa. A tsakiyar Turkiyya, inda aka gano irin wannan matsala a shekarun 1990, takin da aka haɗa da zink ya ɗaga amfanin alkama ya kuma ƙara zink a ƙwayarta.

A nan ne kisra, siririyar gurasar nan ta dawa, ta yi wa tuwo fintinkau, ko da Bahaushe ba zai so jin haka ba. Kullun kisra kwana yake yi. A kwaɓa garin dawa da ruwa da yamma, a zuba ɗan ragowar tsohon kullu, a rufe. Da safe in an ɗaga murfi sai a tarar saman ya yi 'yan kumfa, tsami ya bugi hanci. Wannan tsamin ne ke tayar da sinadarin da ke farfasa faitet, zink ya kuɓuta. Masana abinci a Jami'ar Kartum sun auna haka a kan irin dawar Sudan tun shekarun 1990, suka ga tsimawa, da kuma tsirar da hatsi irin yadda ake yi wa dawar hulu-mur, abin shan buɗa-baki, kafin azumi, suna rage faitet ƙwarai. Tuwon da aka tuƙa da ɗanyen gari bai bi ta nan ba. Mu ma dai muna da namu: koko, wanda aka jiƙa gero ya kwana, aka niƙa, aka tace, gasara ta kwanta ta yi tsami. Sai dai abin da ya fi yawa yanzu gaggawa ce. Uwa ta ɗebi gari ta dama kunu nan take, ta tsinka shi da ruwa don ya bi cokali, ta zuba sukari. Ciki ya cika, shi ke nan abin da aka samu.

Kuma a kan wa wannan kunu ke faɗawa? Zink ɗin nonon uwa na shiga jiki da kyau, amma yawansa raguwa yake yi wata bayan wata, daga wata shida kuma ba ya isar yaro. Daidai lokacin da aka fara ba shi tsinkakken kunu ko nasha, daidai lokacin ya fara rarrafe yana kai komai baki, gudawa ta fara zarya. Ita kuwa gudawa wanke zink take yi ta bayan gida. Rashin zink ya hana bangon hanji gyaruwa, gudawar ta daɗe, ta ƙara kwashe ɗan abin da ya rage. Yaron da ya fito daga wannan a tsotse shi sanyi ke tararwa. A arewacin Gana, wani nazari da aka wallafa a 2009 ya nuna yaran da suka tashi daga gudawa sun fi saurin kamuwa da ciwon huhu a makonnin da suka biyo baya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafin. Iyalan da suka baro Kartum da Madani suka cika makarantu da gidajen dangi a Gadarif da Kasala, ɗaki ɗaya jama'a maƙil, tarin wannan a fuskar wancan, ruwan sha ba tabbas. Takiyoyin unguwa, inda ake dafa abincin sadaka a raba wa jama'a, sun ceci rayuka, Allah ya saka wa masu yi da alheri, amma abin da tukunyarsu ta iya ɗauka adas ne da balila da ful. Nama ya zama sai wane da wane.

Yanzu ga inda ake buƙatar hattara, domin 'yan talla a Facebook da WhatsApp daga nan suke ɗauka su yi gaba. Ba da zink kafin ciwo daban, ba da shi bayan ƙirji ya kama daban.

Kafin ciwo, shaida tana da ƙarfi. A 1999 da aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje daga ƙasashe masu tasowa, an ga limoniya ta ragu da kashi 41 cikin ɗari a yaran da ake ba zink. A wata unguwar talakawa a Dhaka ta Bangaladash, gwajin da aka wallafa a 2005 ya ba yara 'yan ƙasa da shekara biyu miligiram 70 sau ɗaya a mako, limoniya ta ragu da kashi 17. Bitar 2016 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tattara gwaje-gwajen likitanci tana tantance su, wadda ta fi tsanani wajen tacewa, ta tsaya a kashi 13, ko 21 in an ƙirga waɗanda aka tabbatar da ciwon ta duban ƙirji ko hoto kaɗai. Ba mu'ujiza ba ce. Amma cutar da ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019, kashi 13 nata ba abin rainawa ba ne.

Tunda ba a raba wa kowane yaro zink kullum, damar da ta fi kusa da talaka ita ce ta lokacin gudawa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa ruwan gishiri da sukari da zink, miligiram 20 a rana, 10 ga jariri ɗan ƙasa da wata shida, har kwana 10 zuwa 14. Yana gajarta gudawar, yana kuma rage dawowarta har wata biyu zuwa uku. A jihar Haryana ta Indiya, gwajin da aka wallafa a 2008 ya nuna a yankunan da aka bi wannan tsari har kwantar da yara saboda limoniya ya ragu. Bayarwar ba wuya. A ɗora ƙwayar a cokali, a ɗiga mata ruwa mai tsafta ko nonon uwa, nan da nan za ta narke ta zama kamar madara. Tana da ɗanɗanon ƙarfe, wani yaron yakan amayar, don haka ya fi a ba shi bayan ya ɗan ci wani abu. Saboda aman nan ne aka gwada yara 4,500 a Indiya da Tanzaniya, aka ga a 2020 cewa miligiram 5 ko 10 ma na yin aikin da ƙarancin amai, sabon jagoran hukumar na ƙarshen 2024 kuma ya karkata ga miligiram 5. Adadi dai a bar wa ma'aikacin lafiya, abin da ke hannun uwa cika kwanakin ne. In ta ce, "Ya daktur, ai ya warke," amsar da ta dace ita ce, "Hajiya, kwanakin bayan nan na mayar da abin da gudawar ta kwashe ne." Yaron da ke kan kullun gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa kuwa ba ya buƙatar ƙari, an riga an zuba masa a ciki.

Bayan limoniya ta kama, labarin ya sha bamban. Wani gwaji a Matlab ta Bangaladash a 2004 ya sa an yi murna, domin yaran da aka ƙara wa zink a kan maganin asibiti sun fi saurin tashi. Da aka maimaita a Indiya, da Nepal, da Gambiya, ba a ga bambanci ba. A asibitin Mulago na Yuganda a 2012 mace-mace sun ragu amma warkewa ba ta ƙara sauri ba, sauran gwaje-gwaje kuma ba su mara wa wannan baya ba. Shi ya sa har yau zink ba ya cikin maganin limoniya. Taimus ɗin da ya ƙanƙance cikin watanni ba ya farfaɗowa cikin kwana uku.

Murar manya kuwa, bitar Cochrane ta 2024 ta ce zink na iya rage ta da kamar kwana biyu, amma shaidar mai rauni ce, kuma ba ya hana kamuwa. Na korona an gwada shi a Cleveland ta Amurka a kan mutum 214, sakamakon 2021 bai nuna wani amfani ba. Yawansa ma yana da illa. Iyakar babba miligiram 40 ce a rana, ƙwayoyin saidaliyya da yawa kuma 50 ne. Wanda ya ɗauki watanni yana sha zai iya korar sinadarin tagulla daga jikinsa, jini ya ragu, ƙafafu su fara mutuwa. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan zink ɗin da ake sawa a hanci bayan mutane sun rasa jin ƙamshi. Yana kuma kama magungunan kashe bakteriya irin su sifrofuloksasin da doksisaikilin a ciki ya rage ƙarfinsu, sai an raba su da sa'o'i. Manyan da ya kamata a sa wa ido su ne tsofaffi, waɗanda haƙori ya raba su da nama: a gidajen kula da tsofaffi a Boston an ga a 2007 cewa masu ƙarancin zink sun fi kamuwa da limoniya. Sai masu sikila, da zink ke zubewa ta fitsarinsu. Waɗannan likita ya kamata ya tsara musu.

Gyaran kwanon yaro bai kai tsadar da ake zato ba. Jan nama na da miligiram 4 zuwa 6 a giram 100, wato tsoka ɗaya mai kyau, giram 50, ta kusa biya wa ɗan shekara biyu buƙatar yininsa. Amma a gidajenmu wa ke cin tsokar? Maigida ya tsaya wurin mai agashe da daddare ya share tsinke biyar, yaro da safe a ba shi romo. Romo ba nama ba ne. A daka masa tsoka ko hanta, ko a barbaɗa garin sharmut, busasshen naman da ake kaɗa miyar mulah da shi, cikin abincinsa. Kifin Nilu, ƙwai, cokalin dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko niƙaƙƙen riɗi a cikin koko mai kauri, duk suna ƙarawa, ɗan naman kuma yana taimaka wa zink ɗin hatsin ma ya shiga jiki.

In kuwa tari ya riga ya zo, a bar zancen zink, a ƙirga numfashi. A jira yaro ya natsu, ba yana kuka ko yana shan nono ba, a ɗaga rigarsa, a buɗe agogon waya, a kalli cikinsa na hawa da sauka har minti guda cur. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa sha ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya yi lakwas ba ya farkawa da kyau, ko leɓensa ya canza launi, ba a kwana da shi a gida. Allurar rigakafin nimokokus tana cikin jadawalin yaran Sudan tun 2013, kuma yaran da gudun hijira ya katse wa allura sai a kai katinsu a cike musu. Wanda numfashinsa ya haura waɗannan alƙaluma amoksisilin yake buƙata a hannun ma'aikacin lafiya, mai tsanani kuma gado da iskar oksijin.